Buhu Sha Takwas Masu Jan Zare

Kai ma ka taɓa gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka tsaya a layin masu hatsi, ka ga wake mai ɗan ja-ja a bakin idonsa, ana sayar da shi da arha kamar sadaka, ka kawar da kai ka wuce, don ba a gidanka za a dafa ba. Haka a wurin aikinka. Littafi yana faɗin abu ɗaya, waya tana faɗin wani, kwamfutar birni tana nata daban, ba ka taɓa tsayawa ka tambayi abin da ya hana bakinsu haɗuwa ba. To, a wannan tsagin da ka ƙi leƙawa ɓarawo yake shimfiɗa tabarmarsa.

Ranar Litinin da hantsi, damina ta zauna, wani dattijo ya jingine kekensa a jikin katangar caji ofis, ya kakkaɓe taɓon ƙafarsa, ya shiga da wani tsohon littafi a hammata. Insfekta Sama'ilu ne a kan kanta.

"Ranka ya daɗe, sata na kawo."

"Me aka sace, Baba?"

"Wake. Buhu sha takwas."

"Naka ne?"

"Na kamfanin iri ne da ke Tudun Gawo. Ni ne mai sito. Sunana Shago."

"Su suka aiko ka?"

"A'a. Su cewa suka yi ba a yi satar ba."

Insfekta ya ajiye biro. Shekararsa ashirin da ɗaya a aiki, bai taɓa jin an kawo ƙarar satar da mai kaya ya musanta ba. Ya jawo wa tsohon kujera.

"Ba waken ci ba ne," in ji Shago. "Iri ne. An cuɗe shi da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a cikin ƙasa. Kaza in ta tsattsaga, ba za ta kai bakin danga ba. Duk buhun da aka yi wa magani, ni da hannuna nake ɗaure bakinsa da jan zare, don ban yarda da rubutun Turancin da ke jikinsa ba. Ranar Asabar na bar su. Yau na buɗe, babu."

"Wanda ya ɗauka shuka zai yi?"

"Buhu sha takwas? Wace gona? Ranka ya daɗe, ka san yadda wake yake tsada a damina. Kuma jibi Laraba kasuwarmu ke ci."

Insfekta bai ƙara tambaya ba. Ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur ya tada mota. Abu ɗaya ne a ransa: kada waken nan ya shiga tukunya.

Hanyar Tudun Gawo ta ratsa gonaki ne, gero ya kai gwiwa, ba inda za ka aza ƙafa ba a kan kunyar wani ba. Siton yana gefen gari, ofishin yana manne da shi. Insfekta ya juya kwaɗon ƙofa a hannunsa. Ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane shi ba.

Manajar reshen, Hajiya Ramlat, ta tarbe su da fara'a da ruwan sanyi, sannan ta miƙo takarda.

"Insfekta, an wahalar da kai a banza. Ga shi daga hedikwatarmu ta Kano. Buhu sha takwas, an raba wa manoma sha takwas yau da ƙarfe takwas na safe. Malamar gonarmu Glory ce ta shigar. Kwamfuta ba ta ƙarya."

"Littafin Baba ya ce ba su fita ba."

"Baba ya tsufa, Allah ya ba mu tsufa mai kyau. Da fensir yake rubutu. Ni dama ina shirin in rubuta a ba shi hutu."

Daga ƙuryar ofishin wata budurwa mai tabarau ta ɗago kai daga kwamfutarta. "Hajiya, ai takardar Kano ba ta ɗauke da dukkan…"

"Fauziyya, yi aikinki."

Insfekta ya lura da ita. Ya fara karanta sunayen da ke takardar da ƙarfi, a hankali, yana kallon fuskar Shago. A suna na huɗu tsohon ya ɗaga hannu.

"Maimaita, ranka ya daɗe."

"Buwai, Unguwar Gabas."

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Damina biyu ke nan da muka binne shi a bayan coci." Ya buɗe littafinsa, ya nuna sunan. An ja masa layi da fensir, an rubuta ya rasu. "Ashe yau da safe ya zo karɓar iri bai biyo ya gaishe ni ba."

Suka bi sauran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya sun rasu, bakwai sun bar garin. A littafin Shago duk an ja musu layi. A kwamfutar Kano kuwa suna nan da ransu, suna noma.

"Wataƙila magadansu ne suka karɓa," in ji Hajiya Ramlat, amma muryarta ta ragu.

Makullin sito biyu ne, ɗaya a jakar Hajiya, wadda ta kwana biyu a Kano sai safiyar nan ta dawo, ɗaya a wurin Shago. Sai dai akwai wata tsohuwar al'ada. Ran Lahadi in Shago zai tafi coci, yakan bar makulli wurin Ɗan Iya mai facin da ke daura da sito, ko wani abu zai taso. Ran Juma'a kuma in Ɗan Iya zai tafi masallaci, Shago ne ke zama masa a rumfa. Shekara ashirin suna haka.

Suka tarar da Ɗan Iya yana tsoma tiyub a ruwa yana neman huda.

"Jiya wa ka ba makulli?"

"Ni? Ba kowa, yallaɓai. Ko motsawa ban yi daga nan ba har Baba Shago ya dawo."

"Ko nan da can?"

"Ko nan da can." Ya goge hannu, ya zaro goro daga aljihu. "Bisimilla, yallaɓai, ɗan goro ne. Mai kyau ne, na sunan jikan yayata ne."

Insfekta ya karɓa, ya ɓare, ya kai baki. "Allah ya raya. Yaushe aka yi sunan?"

"Jiya da sa…" Ɗan Iya ya tsaya. Tiyub ɗin ya nutse a ruwa.

"Ci gaba mana. Goron yana da daɗi."

Ɗan Iya ya sunkuyar da kai. Ya je sunan, ya ce, bai fi awa biyu ba. Ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofar rumfa, inda yake ratayewa kullum in zai zagaya. Ma'aikatan kamfani duk sun san ƙusar.

"Kunyar Baba Shago ce ta sa na ɓoye, wallahi. Amana ya ba ni."

Shago ya dube shi. "Da ka ce mini za ka suna, Ɗan Iya, ai da na ba ka abin barka ka kai."

Daga nan aka nuna wa Insfekta wata tsamiya a kan tudu, bayan makarantar firamare. A duk Tudun Gawo nan kaɗai sabis yake kamawa. Malaman gona sukan yini a gonaki suna haska lambar buhu da waya suna shigar da sunan manomi, wayar ta riƙe, sai sun zo gindin tsamiya saƙon ya tafi Kano. Mutum biyu ya tarar a kan saiwar itacen, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa: Glory, da shugaban malaman gonar, Fahad, saurayi mai tsabta da takalmin roba sabo.

"Sannu da zuwa hedikwatarmu, yallaɓai," in ji Fahad yana dariya. "In ka duba takardar Kano, manoman kamfanin nan duka a gindin tsamiyar nan suke zaune. Nan suke noma, nan suke girbi."

"Ke ce Glory?" in ji Insfekta. "Takarda ta ce kin raba buhu sha takwas yau."

"Ni? Da wane hannun? Buhu biyu na raba yau, a Unguwar Yamma, kuma masu su suna nan da ransu, je ka tambaye su."

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Wa bai sani ba? A bayan kalandar ofis take, tawa da ta kowa. In cajin wani ya ƙare sai ya shiga da ta wani."

"Gaskiya ne," in ji Fahad. "Amma dai, yallaɓai, takarda sunanta ta kama."

Glory ta juyo gaba ɗaya. "Fahad! Kai da bakinka? Kai da nake zubo wa dambu a kwano kullum?"

"Ni ban ce ke ce ba. Na ce takarda."

"Jiya Lahadi kana ina?" in ji Insfekta.

"Kano, gidan yayana a Kurna. Sai la'asar na dawo."

"Ke fa?"

"Coci, tun tara har sha biyu. Ni ke ba da waƙa. Rabin garin nan sun ji muryata, har waɗanda ba su so ba."

Insfekta ya koma da abin da bai kai ya kama kowa ba. Yana da sunan da kowa zai iya ara, da wurin da kowa yake zama, da lokacin da kowa yake gindin tsamiya. Gobe Talata. Ya tuna budurwar da aka katse wa magana.

Da safe ya same ta ita kaɗai a ofis. Wata uku ke nan, ta ce, da kamfani ya ɗauke ta don ta haɗa kan bayanansu, amma kowa yana ganin aikin zaman banza ne.

"Wuri huɗu muke ajiye magana, yallaɓai. Littafin Baba Shago, wayoyin malaman gona, kwamfutar Kano, da durowar Hajiya. Buhu ɗaya, Baba ya kira shi mai jan zare, waya ta kira shi da lamba, Kano ta kira shi da sunan irin. Ba wanda ya taɓa zama ya ce waɗannan ukun abu ɗaya ne."

"Ke me kike yi?"

"Ba na taɓa abin da suka rubuta. Manhajar da nake aiki da ita kundi take buɗe wa kowane rubutu. Wa ya yi shi, yaushe, a ina, da wace na'ura, ta hannun wa ya biyo kafin ya iso, me aka cire masa a hanya."

Insfekta ya yi murmushi. "Wato isnadi."

"Shi ke nan, yallaɓai. Magana ba ta karɓuwa sai an san daga bakin wa ta fito."

Ta juyo masa da kwamfutar. A makon jiya, ta ce, tana bin sawun takardar Kano ta gano wani abu. Waya tana aika abu goma sha biyu a kan kowane buhu, takardar Kano bakwai take nunawa. Ta yi ta tambaya har ta samu wanda ya tsara takardar shekara huɗu da suka wuce. Ya ce shi ya cire biyar, don in an zo bugawa ba sa shiga faɗin takarda.

"Cikin biyar ɗin akwai lokacin da aka haska buhu, da wurin da aka haska shi, da lambar wayar. Abin da ya bari lokacin aikawa ne da wurin aikawa. Shi ya sa kowa yake gindin tsamiya."

"Biyar ɗin sun ɓata?"

"Suna nan a rumbun kamfani, ba wanda ya taɓa buɗewa. Jiya na nemi izini. Sai dai mu je tsamiya mu ga ko sun turo."

Suka je. Sabis ya yi ta wasa da su, ya zo ya tafi, har rana ta take tsaka. Insfekta ya zauna a kan saiwa yana kallon mata suna wucewa da itace, yana lissafin awannin da suka rage kafin motocin kasuwa su fara lodi. Bayan azahar saƙon ya shigo.

Fauziyya ta karanta a nutse. An haska buhu sha takwas ɗin ranar Lahadi ne, daga sha ɗaya saura minti takwas zuwa sha ɗaya da minti shida. Sunan Glory aka shiga da shi, a lokacin da take ba da waƙa. Wayar kuwa mai lamba bakwai ce. Ta taɓa taswira, ɗigo sha takwas suka taru wuri ɗaya, a bakin rafi, kudu da gari.

"Me ke nan wurin?"

"Tsohon injin niƙa ne, an daɗe da rufe shi."

"Waya ta bakwai ta wa ce?"

"Wannan sai durowar Hajiya. A can takardar rabon wayoyi take."

Hajiya Ramlat ta buɗe durowar ba gardama wannan karon. Ta zaro takardar daga ƙarƙashin tarin rasitai da katin biki, ta bi layin da yatsa, ta tsaya. Ta zauna a kujera. Insfekta ya leƙa, ya ga sunan, ya ce wa Kofur ya juya mota. Shago ya riga su shiga motar.

Tun kafin su isa suka ga alama. Wani siririn ruwa ja yana gangarowa daga bayan ginin zuwa rafi, ga zabi biyu a gefensa sun miƙe ƙafa. A bayan ginin an shimfiɗa tamfol huɗu, wake a baje yana shan rana, fari tas sai ɗan ja a bakin ido. Fahad yana tsugune yana juya shi da katako, ya naɗe ƙafar wando.

"Sannu da aiki, Malam Fahad. An dawo daga Kurna lafiya?"

Katakon ya faɗi. Fahad ya miƙe, ya duba hagu, ya duba dama. Kofur yana tsaye a hanya ɗayar da ake fita.

"Yallaɓai, wannan waken wani ɗan kasuwa ne, taya shi nake…"

Shago ya sunkuya, ya tsinci wani abu a cikin ciyawa, ya ɗaga. Jan zare ne, da ƙullinsa irin na bakin buhu. Ya tsinci na biyu, ya tsinci na uku.

"Waya ta bakwai," in ji Insfekta. "Lahadi, sha ɗaya saura minti takwas. A nan inda kake tsaye."

"Ba zai yiwu ba. Tsamiya take nunawa. Kullum tsamiya take nunawa!"

"Takarda ce ke nuna tsamiya. Wayarka ta san inda ka tsaya."

Fahad ya zauna a ƙasa. Ya faɗi komai ba a matsa masa ba. Ya ɗauki makulli a ƙusa, ya yi sahu uku da amalanken shanun da ya ara, ya zaɓi sunayen waɗanda ya san ba za su zo su yi musu ba. Ya shiga da sunan Glory don tata lambar ce a saman kalanda. Da Baba Shago bai yi taurin kai ba, ya ce, da magana ta mutu.

"Kuma na wanke shi, yallaɓai, sau uku. In an wanke shi ke nan. Ba ni na fara ba."

"Kai da aka tura kwas a kan maganin nan?" in ji Shago. "Kai da kake gaya wa manoma su wanke hannu da sabulu in sun gama shuka? Je ka faɗa wa zabin can an wanke."

Insfekta yana ƙirga buhunan da aka juye aka jibge a gefe. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Sha bakwai ne. Ina ɗaya?"

Fahad ya kawar da kai.

"Fahad, yanzu sata ce a kanka. In rana ta faɗi ban ga buhun nan ba, wani sunan laifin zai koma. Ina yake?"

"Wurin Asama'u," ya ce a hankali. "Mai ƙosai ta ƙofar firamare. Shi na fara wankewa."

Gidan Asama'u yana bayan makarantar, ana hango tsamiyar daga ƙofarsa. Suka yi sallama. Ta fito da bokiti a ka, ta surfa wake ta jiƙa, za ta kai niƙa don ƙosan safe, wanda 'yan makaranta ke saya kafin a buga ƙararrawa.

"Inna, sauke bokitin nan."

"Lafiya, yallaɓai? Mai inji zai tashi."

"Kin soya ko kaɗan daga waken da Fahad ya kawo miki?"

"Ban soya ba. Sai yau tsohon wakena ya ƙare. Na dai ga ruwan jiƙon ya yi kamar an wanke hannun lalle, na ce ko sabon iri ne."

"Ba wanda ya ɗanɗana?"

"Ɗanyen wake? Akuya ce ni?"

Insfekta ya karɓi bokitin da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa. Da aka yi mata bayani, Asama'u ta leƙa mota, ta ga Fahad da ankwa, ta daɗe tana kallonsa.

"Autana yana aji uku," ta ce. "Shi nake fara ba wa na farkon kasko."

Fahad bai ɗago kai ba har motar ta tashi da shi.

Kafin magariba an kwashe waken duka an mayar sito. Shago ya zaro ƙunshin jan zare daga aljihu, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa, Ɗan Iya yana riƙe masa baki. Hajiya Ramlat ta tsaya a ƙofa har suka gama. Sannan ta cire kalandar daga bango, ta ce wa Fauziyya gobe ta zauna da Baba, su bi littafinsa shafi-shafi, duk wanda ya ja wa layi a ja masa a Kano.

"Da fensir nake rubutu fa, Hajiya," in ji Shago.

"Na sani, Baba. A yi haƙuri."

Abu biyar aka cire don takarda ta yi kyau, saura kaɗan su tafi da yaran gari. Kai da kake karanta wannan, akwai irin takardar a teburinka, akwai irin littafin Shago da kake rainawa a ɗakin baya. Gobe da safe ka ɗauko su ka aza su gefe da gefe. Ka tambayi wa ya rubuta, yaushe, a ina, me aka cire a hanya, kuma kada ka tashi sai an ba ka amsa. In kuma ka sake ganin wake mai ja a bakin ido ranar kasuwa, kada ka wuce. Tsaya a wurin, ka kira sarkin kasuwa.